Yadda Maki Ke Zama Gwaninta a Gem ɗin Dungeon Crawl Stone Soup

Wannan gem na kyauta ya fito a 2006, kuma akwai shi a wayar Android. Jinsin roguelike ne, wato jikokin gem ɗin Rogue na 1980: idan jarumi ya mutu, shi ke nan, sai a koma farko.

Duk dodon da jarumi ya kashe yana ba shi maki. Makin yana ɗaga matakinsa, wanda iyakarsa 27, sannan ana raba shi ga fannonin da ɗan wasa ya kunna a shafin gwaninta, wanda harafin m ke buɗewa. Akwai sara da gatari, kauce wa hari, sulke, sihiri da sauransu.

A nan sababbin shiga ke tafka asara. Sai mutum ya kunna fanni bakwai lokaci guda, kowanne ya sami ɗan tsirit, alhali kowane mataki ya fi na baya tsada. Kafin ya ankara dodanni sun fi ƙarfinsa. Wanda ya ɗauki Minotaur mai gatari, gara ya zuba makinsa a gatarin tukuna, domin gwanintar makami tana ƙara saurin sara. Da gatarin war axe saurin yana tsayawa a mataki 16, daga nan sai a karkata ga sulke.