IDAN A-KORI-KURA TA ƘI TASHI

Motar a-kori-kura ita ce jakin wannan zamani. Ita ke kwaso tumatir daga Kadawa, doya daga Zaki Biam, dankali daga Bokkos, kuma a ƙauyuka da yawa ita ke kai mai naƙuda asibiti. Ranar da ta ƙi tashi, kaya na iya ruɓewa, wani lokaci ma rai na iya salwanta. Saboda haka wajibi ne kowane direba ya san yadda ake neman cutar mota bi da bi, tun kafin a kwance abin da lafiyarsa lau.

Inji yana bukatar abu huɗu kafin ya tashi: ƙarfin da zai juya shi, da mai, da iska, da wutar da za ta ƙona man. Aikin direba shi ne ya gano wanne ne babu. Kunne shi ne kayan aiki na farko. Sai ya murɗa makulli, ya saurara.

Idan Inji Bai Juya Ba

In an ji shiru, ko ƙara "ƙas-ƙas" kawai, to, a fara da batir. A kunna fitilun gaba, a sake murɗa makulli. In fitilun suka dushe, batir ya yi sanyi, ko kuwa kawunansa sun yi sako-sako. Sau da yawa farin garin nan da ke taruwa a kan batir shi ne dukan cutar. A kwance kawunan, a fara da mai alamar (-), a kankare su, a mayar, a ɗaure tam. Lafiyayyen batir mai bolt 12 yakan nuna wajen 12.6 a ma'auni idan ya cika.

In fitilun na nan da haskensu, amma inji shiru, sai a duba fis, da wayar sitata, sannan sitatar kanta. Mota mai giyar otomatik ba ta tashi sai giya na kan P ko N.

Idan za a jona batir da na wata mota, jar waya ta haɗa (+) da (+). Baƙar waya kuwa ta taso daga (-) na lafiyayyen batir zuwa jikin ƙarfen injin da ya ƙi tashi, nesa da batirinsa. Dalili kuwa, batir yana fitar da iska mai kama wuta, tartsatsi ɗaya na iya fasa shi, ruwansa ya makantar da mutum. Mota mai kuloci ana iya tura ta a giya ta biyu. Mai otomatik ba a tura ta.

Idan Inji Yana Juyawa Amma Bai Kama Ba

Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10. A huta rabin minti kafin a sake, don kada sitata ta ƙone, batir ya ƙare a banza.

Da farko a tabbata akwai mai a tanki, gama allurar mai takan yi ƙarya. A sababbin motocin fetur, famfon mai yana cikin tanki, kuma yakan yi ɗan gunji na kamar daƙiƙa 2 da zarar an buɗe makulli. In ba a ji shi ba, a duba fis ɗinsa. In makulli mai na'urar tsaro ne, a gwada ɗan'uwansa.

Tsofaffin motoci masu kafireta, irin su Peugeot 404, sukan shaƙe da mai idan an yawaita taka totur. Alamar ita ce warin fetur. Maganinsa a take totur har ƙasa, a riƙe, a murɗa makulli. In ba ta kama ba, a ciro fulogi a duba: jiƙaƙƙe ko mai baƙin toka yana bukatar gogewa ko canji. Da damina raɓa kan shiga murfin distirbuta, sai a buɗe a share da busasshen ƙyalle. Da hunturu kuwa ƙura kan toshe matatar iska.

Injin Dizal

Shi ba shi da fulogi mai tartsatsi. Zafin matsewar iska ke ƙona mansa. Da sanyin asuba a jira fitilar hita ta mutu kafin a tayar. In mai ya taɓa ƙarewa ƙaf, iska ta shiga bututu, sai a yi ta danna ƙaramin famfon hannu da ke kan matatar mai har ya yi tauri. A kuma tsiyaye ruwan da ke taruwa a gindin matatar. Bututun injekta na sababbin motoci kuwa kada a kwance shi, domin ƙarfin man ciki yana iya huda fata.

Gargaɗi

Kada a zuƙi fetur da baki. Kada a haska tanki ko batir da ashana. In mota ta mutu a cikin ambaliya, kada a gwada tayar da ita, gama ruwan da ya shiga inji yakan lanƙwasa ƙarafansa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In a kan titi ta mutu, a tura ta gefe, a sa waigi, a ajiye alamar nan mai kusurwa uku nesa da bayanta, fasinjoji su sauka su nisanci kwalta.

Idan an bi waɗannan duka mota ba ta tashi ba, aikin ya zama na makanike. Direban da ya iya faɗa masa abin da ya ji da abin da ya gwada ya rage wa kansa ɓata lokaci da ɓarnar kuɗi. Wanda kuma yake duba batir, da mai, da ruwa kowace safiya, ba safai dare ke riskarsa a daji ba.