YASHI DA DUTSEN YASHI: YADDA AKE GANE ASALINSU

Ƙofar Dumi ɗaya ce daga cikin ƙofofin ganuwar birnin Bauchi, wanda Sarki Yakubu ya kafa wajen shekarar 1809. A wannan unguwa, kamar sauran unguwannin birnin, idan aka yi ruwan sama mai ƙarfi akan wayi gari a tarar da yashi ya kwanta a kwatami da bakin hanya. Jama'a sukan ɗebe shi don gini. Masana ilmin duwatsu kuwa sukan auna shi, domin kowace ƙwayar yashi ɓarɓashin wani dutse ce, kuma sinadaran da ke cikinta suna nuna irin dutsen da ta fito daga gare shi.

DUWATSUN BAUCHI

Birnin Bauchi yana zaune ne a kan tsofaffin duwatsu waɗanda suka daskare a can ƙarƙashin ƙasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Yawancinsu dangin giranit ne. A cikinsu akwai wani mai duhu-duhu, mai sirkin kore, wanda Baturen nan J. D. Falconer ya ambata a littafinsa na 1911. Daga baya Farfesa Mosobalaje Oyawoye, mutumin Offa, ya yi masa bincike mai zurfi, a 1965 kuma ya raɗa masa suna Bauchite, watau dutsen Bauchi. Da wannan suna ne masana na duniya suka san shi har yau.

Rana da ruwa su ke farfasa dutse sannu a hankali, amma ba duk abin da ke cikinsa ne ke jure wahala daidai ba. Akwai fararen ƙwayoyi masu ƙyalli kamar gilashi, waɗanda ake kira kwaz. Su kusan zallar sinadarin silika ne, ba sa ruɓewa. Akwai felsfa, mai launin fari ko ja-ja, wanda kan rikiɗe ya zama farar laka idan ya daɗe cikin damshi; irin wannan farar ƙasa ce ake haƙa a yankin Alkaleri. Baƙaƙen ƙwayoyi masu ƙarfe su ke fara lalacewa, su yi tsatsa, su rina ƙasa ja. Saboda haka yashin da ya yi doguwar tafiya a kogi yakan isa inda za shi kusan duk kwaz ne.

YASHIN TSIBIRAN WUTA

Ba za a gane darajar wannan ba sai an kwatanta shi da yashin wani wuri dabam. A tekun Fasifik, kudu da birnin Tokyo na Japan, akwai jerin tsibirai da suka lanƙwasa kamar baka: Izu, da Bonin, da Mariyana. A nan wani ɓangare na ɓawon duniya yana nutsewa ƙarƙashin wani, 'yan santimita kaɗan a shekara. Nutsewar ce ta haifar da ramin Mariyana, mai zurfin kusan kilomita 11, ita ce kuma ke sa dutsen da ke can ƙasa ya narke, ya ɓullo ta bakin tsaunuka masu aman wuta.

Toka da ɓarɓashin da tsaunukan nan ke amayarwa ba sa yin wata tafiya, nan take suke gangarawa cikin teku. A 1989 jirgin ruwan bincike mai suna JOIDES Resolution ya huda ƙasan teku a yankin Izu da Bonin, ya zaro yashi da dutsen yashi. Abin da ya fi yawa a ciki shi ne gilashin aman wuta, da gutsattsarin dutsen da ya daskare, da wani nau'in felsfa mai sinadarin alli da sodiyam. Kwaz kaɗan ne ƙwarai.

Idan aka niƙa irin wannan yashi aka auna, bambancin yakan fito fili. Giranit yana da silika kimanin kashi 70 cikin ɗari, baƙin dutsen aman wuta kuwa wajen kashi 50. Yashin tsibiran wuta yakan zo da silika kaɗan, da ƙarfe da maganiziyam masu yawa, sodiyam ɗinsa kuma ya rinjayi fotashiyam. Sodiyam shi ne sinadarin da ke cikin gishiri; fotashiyam kuwa manoma sun san shi a takin zamani da tokar itace. Yashin da ya fito daga tsohuwar ƙasa irin ta Bauchi akasin haka yake: silika da yawa, fotashiyam kuma a sama da sodiyam. A 1986 wasu masana biyu, Roser da Korsch, suka tsara ma'auni bisa waɗannan alkaluma don rarrabe yashin tsibiran wuta da na gefen nahiya. Ma'aunin yana da amfani, amma ba hukuncin alƙali ba ne. Bincike na baya ya nuna yakan kuskure, musamman a ƙasa mai zafi da ruwan sama, inda ruɓewa ke wanke sodiyam tun yashi bai bar gida ba. Don haka masani mai hankali yakan ƙara da shaida ta biyu, watau ƙananan ƙwayoyin zirkon, waɗanda ke riƙe da shekarun dutsen da ya haife su.

Kada a ɗauka wannan labarin nesa ne kawai. A kwarin Tilemsi, arewa da Gao a ƙasar Mali, an gano ragowar irin waɗannan tsibirai a tsakiyar hamada. Tekun da suke ciki ya rufe ne lokacin da manyan ɓangarorin ƙasa suka yi karo, kuma a zamanin wannan karo ne duwatsun Bauchi suka narke suka daskare.

INA YASHIN BAUCHI YA TAFI?

A yau ruwan wannan yanki yana gangarawa kogin Gongola, wanda ke haɗuwa da Binuwai a Numan. Fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, sa'ad da Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu, ƙasa ta tsage ta bar wani dogon kwari a gabashin Bauchi. Koguna suka yi ta zuba masa yashi, yashin ya danne juna har ya zama dutse. Shi ne dutsen yashin Bima, wanda ya ci sunan tsaunin Bima da ke kusa da Dadin Kowa, kaurinsa kuma a wasu wurare ya kai mita 3,000. Carter da Barber da Tait sun bayyana shi a rahotonsu na 1963. Ƙwayoyinsa manya ne, kwaz da felsfa, alamar sun fito daga giranit na kusa, ba daga tsibiran wuta ba. Bayan haka teku ya shigo kwarin, ya bar dutsen da masana'antar siminti ta Ashaka ke haƙa, wanda akan tarar da ƙwaryar dabbobin teku a cikinsa.

AMFANINSA GA JAMA'A

Giranit ba ya riƙe ruwa sai a tsaguwarsa da kuma ruɓaɓɓen samansa. Shi ya sa a cikin birnin Bauchi wani zai haƙa rijiyar burtsatse ya dace, maƙwabcinsa ya kashe kuɗi ya tashi a banza, birnin kuma ya dogara ga madatsar ruwa ta Gubi. Dutsen yashi kuwa yana ajiye ruwa a tsakanin ƙwayoyinsa, kamar yadda ake gani a maɓuɓɓugar Wikki ta Yankari. Amma yawan ruwan ya danganta ga irin ƙwayoyin. Inda kwaz ya yi yawa, ƙofofin suna nan a buɗe. Inda felsfa ya ruɓe, ko inda tokar aman wuta ta yi yawa, laka takan toshe su.

Haka abin yake ga man fetur. A watan Oktoba na 2019 kamfanin mai na ƙasa ya ba da sanarwar samun mai da iskar gas a rijiyar Kolmani, kan iyakar Jihohin Bauchi da Gombe, a watan Nuwamba na 2022 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin. Ko nawa ne man da ke ƙasa, abin da za a iya zuƙowa yana hannun ƙwayoyin dutsen da ke riƙe da shi.

Hukumar Binciken Duwatsu da Ma'adinai ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1919, ita ke da alhakin irin wannan awo. Duk wanda ya ga baƙin yashi mai nauyi a rafi, ko wani dutse da bai saba gani ba, sai ya ɗibi kaɗan a leda mai tsabta, kada ya gauraya shi da na wani wuri, ya rubuta sunan garin da zurfin inda ya ɗebo, ya kai ofishin hukumar mafi kusa. Kada a daka dutsen a cikin gida ko a turmin abinci: ƙurar dalma daga irin wannan daka ce ta hallaka yara fiye da 400 a Jihar Zamfara a 2010.