Darasi Na 14: Cutar Lufus A Ƙasar Amurka

Yau za mu koyi labarin wata cuta, sunanta lufus. A cikin jinin kowa akwai dakaru masu yaƙar cuta. Mai lufus kuwa, dakarunsa ne ke juyowa su auka wa jikinsa. Sukan taɓa fata, da gaɓoɓi, da ƙoda.

Likitocin Amurka sun ƙiyasta, a shekarar 2018 masu wannan cuta sun kai wajen 204,000 a ƙasarsu. Sun kuma ƙiyasta cikin mutum 100,000, wajen 73 ke da ita.

Wa ta fi kamawa? Mata. Cikin masu ita goma, tara mata ne. Yawanci takan soma tsakanin shekara 15 da 44, lokacin haihuwa. Baƙaƙen matan Amurka sun fi farare kamuwa kusan ninki uku. Nan wajenmu ma akwai ta.

Ga alamunta: ciwon gaɓoɓi, zazzaɓi, kasala, zubewar gashi, da ƙuraje a kumatu da karan hanci, kamar fukafukan malam-buɗe-littafi. Rana tana tayar da su.

Ba a ɗaukarta wurin wani, ba kuma sammu ba ne. Kada mu guji mai ita. Ba ta warkewa sarai, amma magani yana kwantar da ita. In mun ga alamun nan ga matarmu ko 'yarmu, mu kai ta asibiti tun ƙoda ba ta lalace ba.

Tambayoyi:
1. Wa lufus ta fi kamawa?
2. Ana ɗaukarta?