Wasiƙa zuwa ga matasan ikilisiya a Yola da Jimeta

'Ya'yana,

Ranar Lahadi bayan an tashi sujada, wani yaro cikin mawaƙa ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Baba, me zan yi in tabbata zan shiga sama?" Rana ta take, mai keke yana jirana, sai na ba shi gajeriyar amsa. Amma tambayar ta bi ni har gida.

Da yawanku kuna ƙanana a ƙarshen 2014, lokacin da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, har hedikwatar ikilisiyar EYN da ke Kwarhi ta watse. Mu kam mun gani da idonmu. Mutanen Madagali da Michika da Mubi da Hong suka yi ta kwararowa ta gadar Binuwai, ƙafafu a kumbure don tafiyar daji, uwa da goyo ba ta san inda sauran 'ya'yanta suke ba. Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar majami'ar St. Theresa a Jimeta, dubban mutane suka fake a can, Kirista da Musulmi. A 2021 kuma aka buɗe gidaje 86 a Sangere-Marghi domin waɗanda ba su da inda za su koma, aka gina musu coci, aka gina wa Musulmin cikinsu masallaci. Wasu 'yan'uwanmu sun yi gunaguni a kan masallacin. Ni dai a ganina, wanda ya ba ka ɗaki ya kuma kula da inda za ka yi addu'a, ya ɗauke ka cikakken mutum.

Bari in faɗa muku abin da har yau nake tuba a kansa. A kwanakin gudun hijirar nan na ba da masara da kuɗi da farin ciki. Amma wata Lahadi na iske wata 'yar gudun hijira zaune a bencin da na saba zama shekara da shekaru, zaninta duk ƙura, sai raina ya ɓaci, na koma wani wuri. Ranar ban ji wa'azi ba ko kaɗan. Ashe bayarwa daga sama sauƙi gare ta, don hannunka ne a bisa. Zama kafaɗa da kafaɗa shi ne wuyar. Nan na gane dalilin da ya sa Ubangiji, a daren da za a bashe shi, ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, har da na Yahuza. 'Yan'uwanmu na EYN suna riƙe da wannan al'ada har yau, kuma duk wanda ya taɓa ganin dattijo mai furfura durƙushe gaban yaro da daro ya san tawali'u ba sunkuyar da kai ba ne kawai.

Sama ba a sayenta, 'ya'yana. Alherin Allah ne, ta wurin gicciye. Ɓarawon da ya tuba kusa da Yesu ba shi da katin ushiri, bai taɓa kwanan addu'a ba. Sai dai hannun da yake cike da lissafin ayyukansa ba ya iya karɓar kyauta, shi ya sa a Luka sura 18 mai karɓar haraji ya koma gida baratacce, Bafarisiye kuwa ya koma da azuminsa. Ku tuna da wannan kafin ku sanar wa Facebook cewa kun shiga azumin kwana bakwai.

Tsarki kuma ba tsawon siket ba ne ko ƙarfin murya a taron farkawa. Ku neme shi a cikin wayarku da tsakar dare, a ɗakin jarrabawa idan mai sa ido ya fita, a bakin mudu a kasuwar Jimeta, da cikin alkawarin da ka yi wa 'yar mutane. A Matiyu sura 25, abin da Sarki ya duba shi ne mayunwaci da baƙo da mara lafiya da ɗan kurkuku, kuma waɗanda aka karɓa ma ba su tuna sun yi wani abu ba.

Kai ɗana da ka yi tambayar, akwai wata gwauruwa a bayan majami'armu wadda ciwon ƙafa ya hana ta ɗebo ruwa. Ka je ranar Asabar da jarka biyu. Idan ta shimfiɗa maka tabarma ka zauna, ka sha abin da ta ba ka. Kada ka ɗauki hoto, ni ma kada ka faɗa mini.

Naku cikin Ubangiji,
Wani dattijon ikilisiya, Jimeta