Farin Harshe Da Maganin Da Ya Daina Ci

Ya kamata jama'a su sani cewa a bakin ɗan Adam da hanjinsa akwai wata ƙwayar halitta dangin fumfuna, wadda likitoci ke kira Kandida, tana zaune ba ta cutar da kowa muddin garkuwar jiki na da ƙarfi. Amma idan ƙanjamau ya raunana garkuwar, sai ta yaɗu, ta lulluɓe harshe da dasashi da farin abu kamar kindirmo, har ta gangara maƙoshi, majinyaci ya kasa haɗiyar ko da kunu sai da azaba.

Wajejen shekarar 1990 maganin Flukonazol ya bazu a asibitocin Turai da Amurka, aka yi murna ƙwarai, domin ƙwaya ce ta haɗiya mai saurin aiki. Ba a daɗe ba likitoci suka lura cewa waɗanda suka shafe watanni suna shansa, alhali ƙwayoyin garkuwarsu na CD4 sun faɗi ƙasa da 50, farin yakan dawo musu, a ƙara awo, ya ƙi gushewa.

Sababin haka kuwa shi ne, maganin ba ya kashe Kandida, illa dai ya hana ta gina fatarta, ya tsayar da hayayyafarta, ya bar wa garkuwar jiki ta ƙarasa aikin. To, inda garkuwa ta rushe, 'yan ƙwayoyin da suka iya tofar da maganin daga cikinsu su ne ke wanzuwa, su haifi irinsu, har su gaje bakin duka. Wani jinsinta ma, Kandida krusei, tun asali ba ya jin maganin.

Hujja mafi ƙarfi a wannan mas'ala ita ce, tun 1996, da aka fara haɗa magungunan danne ƙanjamau, garkuwar majinyata ta farfaɗo, cutar farin harshen ta ragu matuƙa. Saboda haka mai zuwa kemis ya sayi ƙwaya biyu, ya daina da zarar harshe ya washe, israfi yake yi da magani mai daraja, wanda kuma ake dogaro da shi wajen sanƙarau na Kiriftokokas, mai halaka masu ƙanjamau da yawa a Afirka. Ƙa'idar likitoci ita ce kwana 7 zuwa 14 ga na baki, 14 zuwa 21 ga na maƙoshi. Baligin da farin nan ya yi ta dawo masa kuwa, wajibi ne a auna jininsa a duba ko yana da ƙanjamau.