Zaman Mai Amfani a Rukunin Uwayen Garke: Nazarin Ajiye Shi a Rumbun Waje

Ƙa'idar HTTP, wadda shafukan intanet ke tafiya a kanta, ba ta riƙe tarihin wanda ya ziyarce ta. Kowace buƙata da burauza ta aika, uwar garke kan karɓe ta ne tamkar baƙuwa. Domin toshe wannan giɓi ne Lou Montulli, injiniya a kamfanin Netscape, ya ƙirƙiro kuki a shekarar 1994, wato ɗan guntun rubutu da uwar garke ke damƙa wa burauza, ita kuma ta riƙa dawowa da shi tare da kowace buƙata. Galibi lambar shaida kawai kukin ke ɗauke da ita. Ainihin bayanan, kamar wane ne ya shigo da kuma inda ya tsaya a cike fom, suna hannun uwar garke. Wannan tarin bayanai shi ne maƙalar ta kira "zama", bisa kwatanci da zaman kotu ko na majalisa, domin shi ma ana buɗe shi, ana kuma tashi. A manhajar Tomcat zama kan tashi da kansa bayan minti 30 ba tare da motsi ba, matuƙar ba a sauya saitin ba.

Idan uwar garke ɗaya ce, babu wata matsala. Amma a ɗauka ɗalibai sun yi wa shafin rajista cincirindo, aka ƙara uwayen garke zuwa huɗu, aka sa wata manhaja a gabansu tana rarraba musu buƙatu. Ɗalibi ya shiga ta ta farko, buƙatarsa ta gaba ta faɗa wa ta uku, wadda ba ta san lambarsa ba. Sai ta mayar da shi shafin kalmar sirri, abin da ya cike kuma ya bi ruwa.

Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a ɗaure kowane mutum da uwar garke guda. Manhajar nginx na iya yin haka ta la'akari da adireshin IP, sai dai kamfanonin waya kan tara masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya, kuma adireshin mai waya kan sauya. Sa'annan duk ranar da uwar garken ta faɗi, ta tafi da zaman mutanenta. Dabara ta biyu ita ce kowace ta riƙa kwafa wa sauran abin da ke hannunta, kamar yadda DeltaManager na Tomcat ke yi. A rukuni mai uwayen garke goma, kowane ɗan sauyi sai an aika shi wurare tara.

Wannan ne ya sa aka koma ga fitar da zaman zuwa rumbu na dabam, wanda dukansu ke karantawa daga cikinsa. Biyu ne suka yi fice: Memcached, wanda Brad Fitzpatrick ya rubuta a 2003 domin shafin LiveJournal, da Redis, wanda Salvatore Sanfilippo, ɗan Italiya, ya fitar a 2009. Dukansu a ƙwaƙwalwar wucin gadi suke ajiya, shi ya sa suke da sauri. Amma halinsu ya bambanta. An gina Memcached ne domin abin da ba a damu ba in ya ɓace, saboda haka in wuri ya cika yakan watsar da abin da aka daɗe ba a taɓa ba, ko da zaman mutum ne. Redis kuwa yana iya rubutawa a faifai, ana kuma iya yi masa mataimaka, waɗanda Sentinel zai ɗaga ɗayansu in babban ya faɗi.

Sai dai a lura, haɗarin bai gushe ba, wuri kawai ya sauya. Da, faɗuwar uwar garke ɗaya cikin huɗu kwata na mutane take kora. Yanzu faɗuwar rumbun da ba shi da mataimaki kowa take kora. Ko da mataimakin, Redis ba ya jiran kwafi ya isa kafin ya amsa cewa ya ajiye, don haka rubutun ƙarshe na iya salwanta a lokacin sauyi.

Akwai kuma matsalar da ba kasafai ake hango ta ba. Burauza kan aika buƙatu biyu a tare, su faɗa wa uwayen garke biyu, kowace ta ɗauko zaman, ta sauya, ta mayar. Wadda ta mayar daga baya ta shafe aikin 'yar'uwarta. PHP, a tsarinsa na ajiya cikin fayil, yakan kulle zaman har buƙatar farko ta kammala. Wanda ya koma rumbun waje dole ya bincika ko kullen ya biyo shi, domin ba koyaushe yake biyowa ba.

Bisa wannan, abin da ya dace da zama shi ne shaidar mai amfani da ƙananan abubuwan da za a iya sake ginawa. Shaidar biyan kuɗin rajista da kwasa-kwasan da ɗalibi ya zaɓa, gurbinsu shi ne rumbun bayanai na dindindin, kuma a rubuta su can tun a lokacin da ya danna maɓalli.