Dashen Tafarnuwa Kafin Shigowar Ɗari

Tafarnuwa shuka ce mai son sanyi. Asalinta daga tsakiyar Asiya ta fito, inda ɗari ke da tsanani, kuma har yau ba ta bar halinta ba. A Ingila da Faransa da Amurka a kan dasa ta da kaka, kafin ƙasa ta daskare, ta yi saiwa, ta kwana cikin ƙasa duk tsawon sanyi, sa'an nan a tone ta bayan wata takwas ko tara. A ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum ba a ƙanƙara, amma akwai hunturu, shi ne kuwa ke yi wa tafarnuwa wannan aiki. Sai dai hunturun gajere ne. Daga Disamba zuwa tsakiyar Fabrairu ya ke da ƙarfi, da Maris ya kama zafi ya karɓe. Saboda haka duk maganar noman tafarnuwa a fadamun gulbin Zamfara da gulbin Ka, da garuruwa irin su Adabka, maganar lokaci ce.

Ga dalili. Tafarnuwa tana fara yin ganye tukuna, daga baya ta tara abincin da ganyen ya samar ta yi kai. Yawan ganyen da ta yi cikin sanyi, shi ne girman kan da za ta yi, kuma sanyin ne ke sa kan ya rabu sala-sala. Tana bukatar wata huɗu zuwa biyar daga dashe zuwa tono. Wanda ya dasa a farkon Nuwamba, ɗari zai tarar da shukarsa ta kafu, ya tone cikin Maris. Wanda ya bari har Janairu kuwa, zafi zai cim mata tana ƙarama, ganye ya bushe, a tono kai ƙanƙane, wani lokaci ma dunƙule guda wanda bai rabu ba. Hasarar ta fi ta mai gero ciwo, gama tafarnuwa ba ta da ƙwayar iri irin ta albasa. Salar da a ke dakawa a sa a miya, ita ce a ke dasawa. Watau manomi kuɗinsa ya ke binnewa, kuma sau da yawa bashi ne ya ci ya sayi irin.

Manoma sun san wannan sarai. Abin da ke makarar da su ba jahilci ba ne. A Nuwamba ana cikin yankan dawa da roron wake, hannu bai isa ba. A shekarar da ruwa ya yi yawa, kamar ambaliyar da aka yi a Gummi a 2024, fadama ta kan daɗe ba ta tsotse ba. Amma babban abin da ke cin kwanaki shi ne jiran rabon fili da shari'ar iyaka, nan ne kuwa aikin hakimi ya shigo. Ya kamata tun cikin Oktoba hakimi ya tara dagatai da sarakunan noma da ardo-ardo, a san wanda zai noma wane wuri, a fitar da burtali da mashayar dabbobi a kafa musu alama. Ƙarar da aka kawo kan lambu a wannan lokaci ba ta jiran mako biyu. Ko an yanke ta bisa gaskiya, in an yanke ta a ƙarshen Disamba, mai gaskiyar ya riga ya yi hasarar shekara.

Har wa yau, a shekarun nan da 'yan bindiga suka hana mutane da yawa zuwa gonaki masu nisa, filin da ke kusa da gari ya yi daraja ƙwarai. Tafarnuwa ba ta cin wuri, ga ta kuma ba ta saurin ruɓewa kamar tumatir, mai ita ya iya ajiye ta watanni ya sayar sa'ad da ya ga dama. In hakimi zai raba fadamar bakin gari, ya dace ya tuna da waɗanda suka baro ƙauyukansu, ko da fangali goma-goma ne.

Akwai wuri ɗaya da ba a yarda a yi lambu ba. Mutanen Anka da Bukkuyum ba su manta da gubar dalma ta 2010 ba, wadda ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Duk inda aka taɓa niƙa dutsen zinariya ko wanke shi, kada a dasa abin ci a wurin, kada kuma a ja ruwan kududdufinsa a yi ban-ruwa.

Game da dashen kansa, ana son ƙasa mai laushi wadda ba ta riƙe ruwa, a zuba mata takin gida wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen taki ya kan ƙone saiwa. Kada a maimaita fangalin da aka cire albasa bara, gama cutarsu ɗaya. Ba a ɓare kai sai ranar dashe ko ana gobe. A zaɓi manyan salar da ke gefe, ƙananan na tsakiya a kai wa uwargida. A dasa kowace sala a tsaye, tsininta sama, zurfin inci 1 zuwa 2, tsakanin wannan da wannan inci 4, watau kamar faɗin tafin hannu, tsakanin layi da layi inci 6 zuwa 8. Irin gida, wanda ya saba da ƙasar, shi ne abin dogara. Farar tafarnuwa mai manyan sala da a ke kawowa daga ƙasar Sin, wadda ke noma fiye da rabin tafarnuwar duniya, tana da kyan gani a kasuwa, amma an saba noma ta inda sanyi ya fi tsawo. Mai son gwada ta ya gwada a fangali ɗaya.

Saiwar tafarnuwa ba ta nisa, don haka ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi mata ambaliya, ko da jigo a ke ba ta ko da inji. Ciyawa kuwa da hannu a ke cire ta. In aka ga ganye ya yi fari-fari kamar an kankare shi, ƙananan ƙwari ne da ke ɓuya a gindin ganye, sai a nemi malamin gona kafin a sayi magani. Da ganye ya fara rawaya yana kwantawa, a yanke ruwa kamar mako biyu, a tone, a shanya a inuwa mai iska, a ɗaure dami-dami a rataye. Tun ranar nan manomi ya ware manyan kawuna na irin baɗi, kafin dillali ya zo.

Aikin malamin hakimi shi ne ya buɗe shafi a littafinsa, ya rubuta sunan kowace fadama, da ranar da ruwa ya janye, da ranar da aka gama rabo, da ranar da aka fara dashe, da abin da aka tone. Shekara uku na wannan lissafi ta isa nuna wa hakimi fadamar da ke tsotsewa da wuri, wadda ya kamata a fara rabawa, da wadda ta fi dacewa a bar wa masu albasa.